Matar Da Miji Ke Cuta: Abin Da Alƙali Zai Iya Yi

Zuwa ga hakimai da malamansu na ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa.

Sau da yawa mace takan zo ƙofar dagaci ko hakimi da rauni a jiki, a ce mata ta koma ɗakinta ta yi haƙuri. Haƙuri abu ne mai kyau, amma shari'a ba ta ajiye mace ga duka ba. Ya kamata shugabanni su san hanyoyin da aka tanada.

A 2015 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar hana cin zarafin mutane, wadda ta ba kotu ikon hana mai cuta kusantar wanda yake cuta. Wannan doka a Abuja take aiki, sai kuma jihar da ta karɓe ta. To, amma tun kafin wannan, littattafan Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da su, kamar Muhtasar da Tuhfa, sun yi bayanin cutarwa, watau duka da zagi da ƙauracewa ba bisa haƙƙi ba.

In mace ta kai ƙara Kotun Shari'a, ta kawo shaidu, ko kuwa labarin cutar ya bazu a bakin maƙwabta, alƙali yana iya tsawata wa miji ko ya hore shi. In ta zaɓi rabuwa, alƙali ya sake ta, ba ta mayar da ko kwabo na sadaki, gama wannan ba hul'i ba ne. In babu shaida, kuma kuka ya yawaita, sai ya zaunar da su cikin mutanen kirki waɗanda za su lura. In abin ya faskara, ya naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginta, ɗaya daga danginsa. Bayan rabuwa riƙon 'ya'ya ƙanana na uwa ne, ciyarwa kuwa na uba. Wanda hukunci bai gamsar ba yana da ikon ɗaukaka ƙara.

Mugun rauni kuwa, kamar karaya ko ɓata ido, laifi ne a dokar Final Kod tun 1960. Wannan ba a kashe shi a zaure, na 'yan sanda ne da kotu.

Saboda haka:

1. Malamin hakimi ya rubuta kukan, da ranar, da irin raunin, da sunayen waɗanda suka gani.

2. A kai ta asibiti nan da nan, a karɓo takardar likita.

3. Kada a tilasta mata komawa kafin alƙali ya ji maganar. Ta zauna wurin waliyyinta.

4. In daga nesa take, kamar ƙauyukan Riruwai, dagaci ya haɗa ta da ɗan rakiya amintacce.

Hakimi ba alƙali ba ne, amma ta ƙofarsa talaka ke isa ga alƙali. Allah ya taimake ku bisa riƙon amana, amin.