Amsa-kuwwa ta Cikin Rufi: Bayani ga Hakimai da Malaman Ofis

Duk wanda ya bi Titin Ibrahim Taiwo da hantsi, ya wuce ta bakin Kantin Kwari, ya san yadda sanarwa ke ɓacewa cikin hayaniya. Akan ɗaura babbar amsa-kuwwa guda ɗaya a bakin ƙofa, a ƙure muryarta. Na kusa ya toshe kunne, na can ƙurya kuwa ba ya jin kome sai gunji. Dalili shi ne, a sarari, duk sa'ad da nisa ya ninka, ƙarfin sauti yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. A cikin gini kuma bango yakan mayar da muryar, kalmomi su hau kan juna.

Maganin wannan shi ne a rarraba ƙananan amsa-kuwwa da yawa cikin silin, kowace tana magana a hankali bisa kan mutanen da ke ƙarƙashinta. Dabarar ba baƙuwa ba ce a Kano. Tun 1944 aka kafa tashar rediyo mai waya, wadda ke aika shirye-shirye zuwa akwatunan da aka rataya a gidaje da wuraren taruwar jama'a. Murya ɗaya, akwatuna da yawa.

Abin da ya kamata magatakarda ya fahimta tun kafin a kawo masa takardar kuɗi shi ne faɗin da kowace ke rufewa. Sauti yakan sauko daga silin yana buɗewa kamar mazurari a kife. A ce tsawon ɗaki ƙafa 10 ne, kunnen mutumin da ke zaune kuwa yana ƙafa 4 daga ƙasa, watau saura ƙafa 6. Amsa-kuwwa mai buɗewar digiri 90 za ta rufe da'ira mai faɗin ƙafa 12. Mai digiri 120 kuwa za ta kai kusan ƙafa 21, fili ke nan ninki uku. Saboda haka mai faɗin, ko da ta fi tsada, takan rage yawan da za a saya da ramukan da za a huda. Amma lalle gefen kowace da'ira ya shiga cikin na maƙwabciyarta, don kada a bar gurbin da ba a ji.

Wajen haɗawa, akan yi amfani da layi mai bolt 100. Kowace amsa-kuwwa tana da ɗan taransifomarta, sai a jera su duka a kan waya guda, ko da ta yi nisa. Lissafin ba wuya: guda 20 masu wat 6 sun zama wat 120, sai a nemi injin ƙara murya mai wat 150 ko fiye, gama wanda aka cika wa kaya yakan yi zafi ya ƙone.

Inda babu silin, kamar rumfunan kwano da filin tasha, irin ta ƙaho ita ce daidai.

Akwai abu guda da ake yawan mantawa, shi ne batir. Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta nuna yadda wuta ke cin layi bayan layi, ga shi kuwa lantarki ne ke fara yankewa. Ya kamata hakimi, in shugabannin kasuwa sun zo neman shawara, ya tambaye su ko na'urar za ta yi magana bayan an ɗauke wuta, kuma a hannun wa mabuɗin ɗakinta yake kwana.