Iyo Da Baya A Ƙarƙashin Teku

Alhazanmu da suka bi ta Sudan sun san Bahar Maliya, tekun da ake ƙetarewa daga Sawakin zuwa Jidda. A ƙarƙashin ruwan nan akwai murjani jibge kamar duwatsu. Mukan ɗauka dutse ne kawai. A'a, waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu ne masu rai ke gina shi, sannu a hankali. Wani irinsa ba ya ƙaruwa fiye da santimita 2 a shekara. Abin da ƙafar mutum ta karya yau, sai an yi shekaru kafin ya komo.

Masu nutso sukan shiga su dube shi. Sukan goya tukunyar iska, suna shaƙa ta bututu. Wani Bafaranshe, Jak Kusto, shi da wani injiniya suka ƙera wannan na'ura a 1943. A ƙafa kuma sukan sa takalmin roba mai faɗi kamar ƙafar agwagwa.

To, ga wuyar. An yi takalmin nan don ya tura mutum gaba ne. In mai nutso ya matso dab da murjani, yaya zai koma? In ya juya, takalmin ya doki murjanin, ya ta da yashi. In ya dafa da hannu, ya yi ɓarna, wani irin ma yana harbi da zafi kamar wuta. Sai dai ya ja da baya.

Ga yadda ake yi. Mutum ya kwanta rubda ciki a cikin ruwa, ya lanƙwasa gwiwoyi, ya haɗa tafin ƙafafunsa. Ya miƙe ƙafafun a hankali. Sa'an nan ya buɗe su waje, ya kwarfo ruwa da bayan ƙafa zuwa wajen kansa. Ruwa ya yi gaba, shi ya yi baya. Mun san iyon kwaɗo, to, wannan kishiyarsa ne.

Gaggawa ita ke ka da masu koyo. Wanda ya miƙe ƙafafu da ƙarfi, gaba zai yi, ya faɗa kan abin da yake gudu. Wani kuma ya saki gwiwoyinsa ƙasa, ya yi ta wutsil-wutsil a wuri ɗaya. Don haka ba a fara koyo a bakin murjani. Akan fara a ruwa marar zurfi, tare da malami, har ƙafa ta saba.