Gyaran zuciyar yara ta jijiya: abin da ya kamata iyaye su sani kan hasken radiyo

Kusan jariri 1 cikin 100 ana haifuwar shi da matsalar zuciya, kamar huda tsakanin ɗakunanta ko ƙuntatar hanyar jini. A yau ana gyara da yawa ba tare da an tsaga ƙirji ba. Likita yana zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har cikin zuciya. Don ya ga inda bututun ke bi, yana haska ƙirjin yaron da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, wato radiyo.

Hasken ba ya sa zafi, kuma ba ya zama cikin jiki, amma yana iya lahanta ƙwayoyin halitta. Yaro ya fi babba rauni saboda jikinsa na cikin girma, kuma yana da shekaru masu yawa a gaba da ciwon daji zai iya ɓullowa. Da ma kowa yana samun irin wannan haske daga ƙasa da sararin sama, wajen milisibat 2,4 a shekara. Aiki guda yakan kai na watanni ko na ƴan shekaru.

Haɗarin kaɗan ne, barin zuciyar ba gyara ya fi shi muni. Sai dai yana taruwa idan ana maimaita aikin. Don haka a rubuta kowane radiyo da sikana cikin karnen lafiyar yaro, a nuna wa likita. A kuma tambaya ko eko zai wadatar, tunda shi da sauti yake aiki.