Lamba 2,520 da Sunayen Kaso a Hausa

Duk mai nazarin ƙidayar Hausa zai tarar da wasu kalmomi tara na kaso, waɗanda takwas daga cikinsu aro ne daga Larabci: rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i da ushiri. Amma kuwa ba kowane adadi ne yake fitar da waɗannan kaso duka ba. Alal misali, ɗari tana da rabi da rubu'i da humusi da ushiri, sai dai in an nemi sulusinta dole a sami ragowa. Lamba mafi ƙanƙanta da ke fitar da dukkansu daidai wa daida ita ce 2,520, wadda a tsohuwar ƙidaya ake ce da ita alfyan da hamsaminya da ashirin.

Rabinta dai 1,260 ne, sulusinta 840, rubu'inta 630, humusinta 504, sudusinta 420, subu'inta 360, sumuninta 315, tusu'inta 280, ushirinta kuma 252.

Dalilin haka yana cikin gininta. Lambar da za ta rabu gida takwas tilas ta ƙunshi takwas, haka nan tara da biyar da bakwai. Da yake waɗannan huɗun ba su yi tarayya a kan wata lamba da ke raba su ba in banda ɗaya, dole a ninka su gaba ɗaya: takwas sau tara 72, sau biyar 360, sau bakwai 2,520. Sauran kuwa a ɓagas suke zuwa, domin biyu da huɗu suna cikin takwas, uku tana cikin tara, shida biyu ce sau uku, goma kuma biyu sau biyar. Hanya mai sauƙi ta tunawa ita ce a ninka kwanakin mako da kwana talatin na wata, sannan da watannin shekara.

Ta fuskar rukuni, lambar cika ce, ba mara ba. Lambobi 48 ne suke raba ta ba ragowa, kuma babu wata lamba ƙasa da ita da ta kai haka. Irin waɗannan ne masanin lissafin nan na Indiya, Ramanujan, ya yi wa nazari a 1915. Tun kafinsa, Nikomakus Bagirke ya kasa lambobi gida uku, Sabit bin Ƙurra kuma ya mayar da littafinsa Larabci a ƙarni na tara. In aka tara masu raba lamba, banda ita kanta, aka sami daidai da ita, to kammalalliya ce, kamar shida. In suka gaza, tauyayya ce. In suka zarce, mai rara ce. Jimlar masu raba 2,520 ta kai 6,840, saboda haka mai rara ce ƙwarai.

Amfanin wannan sani a fili yake wajen rabon gado da zakka, inda kuskure kaɗan kan tauye hakkin wani. Mutumin da ya rasu ya bar naira 2,520 da mata da iyaye biyu da ɗa namiji, matarsa sumuni za ta samu, wato 315, uwa da uba kowanne sudusi, wato 420, ɗan kuma ya kwashe 1,365 da suka rage. Rubu'in ushirinta ma yana fita lafiya lau, 63.

Sai dai kowane gwani da iyakarsa. Sha ɗaya ba ta raba 2,520. Mai neman lambar da za ta rabu tun daga ɗaya har sha biyu, sai ya ninka ta sau sha ɗaya, ya sami 27,720.