Tsohuwar Wuƙar Aljihu: A Duba Haƙoranta Kafin A Sallama

'Yan uwa fataken shanu, duk wanda ya taɓa raka mota daga Tawa ko Abalak zuwa kudu ya san amfanin 'yar wuƙar nan mai naɗewa. Saniya ta faɗi cikin kamyo da tsakar dare, igiya ta shaƙe mata wuya, sauran suna tattaka ta, to a wannan lokaci babu abin da ke tsakaninka da mushe sai abin da ke aljihunka. Da ita muke yanke igiya, da ita muke fasa goro, mu feƙe sanda, mu yanka tsire a tasha. Ba mu taɓa ɗaukarta dukiya ba. Amma ga shi yanzu ana bin mu har kara ana tambayar tsofaffin.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne wani dattijo daga cikinmu, wanda ya gaji Okapi wajen mahaifinsa. Wani yaro mai sayar da kayan koli ya gan ta a hannunsa, ya ce, “Baba, wannan ai ta gaji, kawo in ba ka sababbi biyu.” Dattijo ya yi murna, ya ba da. Kafin wata ya zagayo ɗaya ta saki ƙusa, ɗayar kuwa ko igiyar rama ba ta yankewa sai an yi ta goga. Sai daga baya aka gane yaron tara su yake yi wa wani mai kai su birni, inda masu sha'awar tara tsofaffin wuƙaƙe ke saye. Mutumin da ba ya sayen maraƙi sai ya buɗe bakinsa, shi ne aka yi wa musayar ido rufe!

To mece ce Okapi? Sunan wata dabba ce ta kurmin Kwango, dangin raƙumin dawa, mai zane a ƙafafu kamar jakin dawa, hotonta ne a jikin ruwan wuƙar. An fara ƙera ta a 1902 a garin Solingen na ƙasar Jamus, garin da ya shahara da wuƙa da almakashi, kuma tun farko don kasuwar Afirka aka yi ta, lokacin Jamus na riƙe da Kamaru da Togo. Ƙotarta itace ce, wasu da adon wata da taurari, sannan ga zobe a baya wanda sai ka ja shi kafin ta naɗe. In kana buɗe ta za ka ji tana ƙaras-ƙaras. A 1988 aka sayar da sunan da injinan, aka kwashe su zuwa Isithebe a Afirka ta Kudu. Daga nan ta Jamus ta ƙare. Ke nan duk Okapi ta gaskiya da aka buga wa sunan Jamus a gindin ruwanta ta haura shekara 35, kuma ba za a ƙara haifar irinta ba. Wannan shi masu tarawa ke bi.

Kada a ce mun kushe ta Afirka ta Kudu. Wuƙar aiki ce, tana ɗaukar washi. Matsalar ita ce jabu da suka cika kasuwa, masu kama da ita a ido, ƙarfe kuwa kamar gwangwani. Irinsu aka ba dattijonmu.

A ɓangaren Faransa kuma akwai biyu da muka sani. Ta farko Douk-Douk, mai ƙotar ƙarfe shafal, wadda gidan Cognet na garin Thiers ya fara yi a 1929. An yi ta ne don tsibiran tekun Pasifik, shi ya sa aka zana mata dodon mutanen can, amma ba ta karɓu ba, sai aka juyo da ita Afirka ta Arewa, daga can ta tsallako Sahara. Tana da ƙanwa mai suna El Baraka, fara, wadda maimakon dodo aka zana mata tambarin Agadas, irin wanda maƙeran Buzaye ke yi da azurfa. Mutanenmu da ba su son surar dodo a aljihu, balle su shiga masallaci da ita, sun fi son wannan. Sai dai a lura, gidan bai daina ƙera Douk-Douk ba, don haka ganinta kaɗai ba ya nuna tsufa.

Ta biyu Opinel, mai ƙotar itace zagayayye da tambarin hannu da kambi a bisa. Ita kam tana faɗin shekarunta da kanta, kamar saniya. An fito da ita lamba 1 zuwa 12, amma tun cikin shekarun 1930 aka daina lamba 1 da lamba 11, saboda haka wanda ya tsinci ɗayansu a akwatin kakansa ya riƙe da kyau. Zoben ƙarfen da ake murɗawa a kulle ruwa a 1955 aka ƙara shi. A 2000 aka gyara shi yadda zai kulle wuƙar ko tana naɗe. In taka tana kulluwa a buɗe kawai, to tsakanin waɗannan shekaru biyu aka yi ta. In babba ce kuma babu zoben murɗawa sam, mai yiwuwa ta girmi 1955, ko kuwa zoben ne ya fita. Ƙananan, lamba 5 zuwa ƙasa, dama ba a sa musu.

Yaya ake yi mata kuɗi? Yadda muke yi wa sa. Farko shaida: a karanta abin da aka buga a gindin ruwa, in ba ka iya boko ba ka sa ɗanka ya karanta, kada mai saye ya karanta maka. Sai jiki: ruwan ya cika ko washi ya cinye shi ya koma kamar basilla? Tsinin yana nan? In ka buɗe ka girgiza, tana rawa? Ƙota ta tsage? Taurarin sun zube? Sai asali: in maƙeri ya sake mata ƙusa ko ƙota, a wajenmu gyara ne, a wajen masu tarawa kuwa ta zama gurguwa.

A nan ne mu da su muka rabu, kuma nan ne aka fi yin asara. Mu in za mu kai sa kasuwa sai mu wanke shi, mu ba shi dusa ya yi sheƙi. Wuƙa ba haka ba. Wanda ya kai ta injin washi, ko ya goge ta da yashi ko magagari don ta yi ƙyalli, ya goge tambarin, ya goge kuɗin. Baƙin da ƙarfe ke yi da tsufa ba aibi ba ne, suna son sa. Jan tsatsa ne abokin gaba, shi ma ɗan mai da tsumma sun isa. A ajiye ta a bushe, nesa da gishiri da kanwa.

Gaskiya ɗaya kuma sai mun faɗa, don kada wani ya fara lissafin kujerar Makka. Waɗannan wuƙaƙe na talaka ne, an ƙera su da yawan gaske, ba a ƙirga ba. Ko bayan karyewar sefa a Janairun 1994, da kayan Faransa suka ninka kuɗi, Douk-Douk ba ta fi ƙarfin mai kora ba. Tsohuwa mai lafiya za ta fi sabuwa daraja, wani lokaci ninki, amma ba za ta sayi ko tunkiya ba. Wadda washi ya cinye kuwa darajarta tana wajen mai ita ne kaɗai. A ganinmu, in ta gado ce kuma tana aiki, barinta ya fi. In kuma dole sai an sayar, a nemi tayi biyu ko uku, a karɓi kuɗi hannu, ban da musaya.

Sai batun hanya. Wuƙa mai kulle irin Okapi, wasu jami'an shinge da na duwan suna ɗaukarta makami, ba kayan aiki ba, kuma dokar kowace ƙasa daban. Wadda kake ji da ita ka bar ta gida, ka tafi da ta yau da kullum. Maniyyata kuma su tuna, a filin jirgi duk wuƙar da aka samu a aljihu ko jakar hannu karɓewa ake yi, ba a kuma mayarwa.