Ko Kun Sani? Laburare Sukutum a Faifai

Kafin intanet ta wadata, a faifan CD masu rubuta manhaja suke neman amsar tambayoyinsu. A 1992 kamfanin Microsoft ya ƙaddamar da MSDN, yana aika wa waɗanda suka biya kuɗin rajista faifai duk bayan wata uku, maƙare da bayanan Windows da misalan aiki. Mai amfani da Visual Studio 6.0, kayan aikin rubuta manhaja na Microsoft, idan wani umarni ya shige masa duhu, maɓallin F1 kawai zai danna, bayani daga MSDN ya buɗe nan take, ko da babu layin waya. Wannan sauƙi ba ƙarami ba ne. Fitowar MSDN ta Oktoba 2001 ce ta ƙarshe da ke haɗuwa da Visual Studio 6.0, shi ya sa masu kula da tsofaffin manhajoji suke adana ta.