Icce cikin akwatin kifi: abin da ya kamata mutanen Arlit su sani

Garin Arlit yana arewa da Agadas da tazarar kilomita wajen 240, a ƙasar da ruwan samanta bai kai milimita 100 ba a shekara. Tun da aka fara fitar da iraniyom a 1971, ma'aikata daga ko'ina suka zo suka zauna a Arlit da Akokan, kowa da irin abin da yake ƙawata gidansa da shi. Cikin waɗannan abubuwa akwai akwatin gilashi na kiwon ƙananan kifaye. Mai irin wannan akwati yakan so ya sa guntun icce a ciki, domin kifi ya samu maɓoya. Sai dai da zarar an saki iccen, sai ya taso ya yi ta yawo a bisa ruwa.

Dalilin haka ba boyayye ba ne ga masana. Ainihin naman icce ya fi ruwa nauyi da wajen rabi. Amma jikinsa cike yake da ƙananan kafofi, waɗanda ruwa ke bi lokacin da yake ɗanye. In ya bushe, iska ta maye gurbin ruwan, ita ce kuma ke ɗaga shi. Ke nan aikin duka guda ne: a fitar da iska, ruwa ya shiga.

Mataki na farko shi ne zaɓe. A nemi busasshen icce mai tauri, irin wanda ruwa ke yasarwa a bakin ƙorama bayan damina, a kankare ɓawonsa. Kada a sare ɗanye, gama kowace itaciya dukiya ce a wannan yanki. Kirya, wadda ake sassaƙa turmi da ita a kudu, tana da nauyi ƙwarai, ba ta daɗewa ba ta nutse ba. Bagaruwa ma tana yi, sai dai tana rina ruwa sosai, kamar yadda majema suka sani. Amma a guji tumfafiya saboda dafin ƙaronta, a kuma guji aduwa, domin a wasu ƙasashe da ɓawonta masunta ke bugar da kifi.

Mataki na biyu shi ne dafuwa. A sa iccen cikin babbar tukunya, a tafasa shi awa ɗaya zuwa biyu. Zafi yana korar iska daga kafofin, yana kashe ƙwari, yana kuma fitar da rinin da ke mayar da ruwa kamar shayi. Daga nan a jiƙa shi cikin bahon roba, a danne shi har ruwa ya rufe shi, ana sake ruwan bayan kwana biyu ko uku. Ƙarami yakan nutse cikin sati ɗaya ko biyu. Babba yana iya kai wata da watanni. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Ruwan da aka sake kuwa, kada a zubar da shi a banza, a ba shuka. Ruwan da Arlit ke sha daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi, tsohon ruwa ne da ya taru tun dubban shekaru, kuma damina ba ta mayar da abin da ake ɗiba.

Wanda ba zai iya jira ba yakan ɗaure iccen a jikin faffaɗan dutse da zaren nailan, ya binne dutsen cikin rairayin akwatin. A ɗaure da kyau, don in icce ya kuɓuce ya taso, dutsen na iya faɗawa kan gilashi ya fasa shi. Kada a yi amfani da wayar jan ƙarfe, gama guba ce ga halittun ruwa, haka nan ƙusa mai tsatsa.

A nan ne ya wajaba mutanen Arlit da Akokan su yi hattara fiye da na sauran garuruwa. A ƙarshen 2003, masana daga ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa sun samu tarkacen ƙarfe mai fitar da tururin iraniyom a kasuwar Arlit. A 2009 kuma ƙungiyar Greenpeace ta auna irin wannan tururi mai yawa a wasu titunan Akokan, inda aka yi ciko da duwatsun ma'adini. An rufe mahaƙar Cominak a watan Maris na 2021, amma tarin abin da aka haƙo ba ya hucewa cikin ƴan shekaru. Wannan tururi ba ya da wari, ido ba ya ganinsa, tafasawa kuma ba ta kawar da shi. Akwatin kifi kuwa a tsakar ɗaki yake zama, inda yara ke manna fuska a gilashinsa dare da rana. Saboda haka kada a ɗauki dutse ko ƙarfe ko tano wanda ya fito daga wajen mahaƙa, ko wanda ba a san asalinsa ba. Guntun karo sabo daga kanti ya wadatar.

Abin mamaki, ita kanta ma'adinin tana da dangantaka da iccen da ya nutse. Fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce, manyan gulabe ne ke ratsa wannan wuri, suna kwaso rassa da ganyaye suna binnewa cikin rairayi. Daga baya ruwan ƙarƙashin ƙasa mai ɗauke da iraniyom ya bi ta cikin rairayin, ragowar tsirran nan ta taimaka wajen kama shi, ya taru inda ake haƙarsa.

Bayan an sa icce cikin akwati, wata farar yana takan fito a jikinsa. Ba ta cutar da kifi, a goge ta kawai, za ta daina da kanta. A lokacin bazara, da zafi ke wuce digiri 40, ruwa yana saurin ƙafewa. A riƙa ƙarawa, domin iccen da ya sake bushewa sai ya koma tasowa. Muna kira ga masu karatu da suka samu wannan bayani su isar da shi ga maƙwabtansu, musamman maganar dutse da ƙarfe.